Ɓoye Sharuɗɗan Kwangila Ba Diflomasiyya Ba Ce

A watan Satumba na 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu, aka bai wa kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aikin. Nan take aka yi wa gwamnati ca: don me za mu ci bashi mu yi wa Nijar dogo? Mutumin Gumel ko Maigatari ya san amsar. Duk ranar Alhamis yana ganin shanu da raƙuma na tsallakowa daga Nijar zuwa karar Maigatari, ya kuma ga yadda kasuwar ta yi sanyi da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Haɗa hanya da maƙwabci alheri ne. Abin da ke rura wutar zargi shi ne rashin bayani: su wa suka nemi aikin, wa ya yi nasara, kuma a kan wane sharaɗi?

Masu kare gwamnati kan ce irin waɗannan manyan ayyuka, gada ce ko dogo, sun shafi dangantakar ƙasashe, tone-tone na iya ɓata ran mai ba da bashi. Wannan ce hujjar da ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya kawo a 2020, da ya roƙi Majalisar Wakilai ta dakata da binciken basussukan Sin kada a janye rancen. Amma mai ba da bashi riba yake nema, kuma talakan da zai biya ta hanyar haraji ya fi kowa cancantar ganin takardar. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi gasa a fili, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ɗan ƙasa damar tambaya.

Wasu kuma kan ce tuntuɓar jama'a jan ƙafa ce. Sai su dubi Gagarawa da Sule Tankarkar, inda ware wa kamfanin Lee dubban kadada don noman rake ya jawo ƙorafin manoma na tsawon shekaru a kan gonaki da diyya. Lokacin da aka ƙi ɓatawa wajen zama da masu gona tun farko, an ɓata ninkinsa wajen lallashi. Rigakafi ya fi magani.

Ko daga Fotugal kamfani ya fito, ko daga Sin, ko ɗan gida ne, ma'auni ɗaya ne. Kafin a sa hannu a kan kowace babbar kwangila, a buga sunayen masu nema da farashinsu da wa'adin gama aiki da sharuɗɗan bashi, a kuma karanta su da Hausa a gidan rediyo. Wakilanmu na majalisa, wannan aikinku ne.