Zaman shiru a kurkukun Tihar

Duk wanda ya taɓa zama da saurayin da ya kangare ya san hannunsa kan riga tunaninsa. Shi ya sa abin da ya faru a kurkukun Tihar na birnin Delhi ya tsaya min a rai. A watan Afrilun 1994, zamanin da Kiran Bedi ke jagorancin gidan, fursunoni kusan 1,000 suka yi kwana 10 tare da malami S. N. Goenka suna koyon Vipassana, tsohuwar hanyar natsuwa ta mabiya Buddha. Ba magana, ba haɗa ido, tashi tun ƙarfe 4 na asuba. Kwanaki ukun farko, lura da numfashi kawai ake yi yana shiga yana fita ta hanci. Daga nan sai mutum ya koyi jin fushi na tafasa a ƙirjinsa, ya zuba masa ido har ya lafa, bai ɗaga hannu ba. Addinin mabiya Buddha daban da namu, amma ni dai ina ganin wannan horon ya fi marin da muke garƙama wa 'ya'yanmu masu shaye-shaye nesa ba kusa ba.