Ga ambaliya ga ƙishirwa: abin da daminar 2024 ta nuna game da ruwan pampo a biranen Nijar

Ranar Juma'a 30 ga watan Agustan 2024, ruwan sama milimita 150 ya sauka a birnin Maraɗi cikin kimanin awa ɗaya da rabi. Mutane 15 suka rasu, gidaje suka rushe, hanyoyi suka yanke, sannan a wasu unguwanni wuta da ruwan pampo suka ɗauke. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda aka gina a tsakiyar ƙarni na 19, ya faɗi. A ƙarshen daminar, alƙaluman gwamnati sun nuna kusan mutum 400 suka mutu a faɗin ƙasar, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma ambaliyar ta shafa. An ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli.

An yi ta ƙidayar gidaje da gonaki da dabbobi. Ba a cika maganar kwanakin da iyali ke yi ba tare da ruwan sha mai tsabta ba, alhali ƙofar gidansu cike take da ruwa. A waɗannan kwanakin ne cuta ke shiga gida, kuma a cikinsu ne talaka ke biyan kuɗin da ya fi ƙarfinsa.

Yadda ruwan sama ke kashe pampo

Kafin ruwa ya fito a bakin pampo, sai abubuwa huɗu sun tsaya daidai: wurin ɗibar ruwan, wutar da ke juya injuna, maganin tacewa, da bututun da ke kai shi gida. Ambaliya tana iya taɓa kowane ɗaya, kuma kowane birni da inda takalmi ke matsa masa.

A Yamai ruwan daga kogin Isa yake fitowa, ana tace shi a tashoshin Goudel da Yantala. Da damina, ƙoramun Sirba da Dargol da Gorouol na zubo wa kogin jan ruwa mai kauri da laka. Irin wannan ruwa yana cin magani da yawa, yana toshe matata da wuri, dole a riƙa tsayawa ana wanke ta. Sakamakon shi ne tashar na fitar da ruwa kaɗan a daidai lokacin da kogin ya cika ya batse. Unguwannin da ke kan tudu ko a ƙarshen layi su ke fara ganin pampo na hura iska.

A Maraɗi da Tawa ruwan daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi da foraj, a tura shi shato, daga nan ya gangara gidaje. Rauninsu yana wajen wuta da bututu. Idan turken lantarki ya faɗi, injin foraj ya tsaya, shato kuma ba ya riƙe ruwan gari sai na ɗan lokaci. Ƙasar Maraɗi rairayi ce, ruwan da ke gangarowa zuwa Gulbi yana yanka titi ya mayar da shi kwazazzabo cikin dare ɗaya. Bututun da aka binne sai ya fito fili, ya rataye, ya karye.

Damagaram tata matsalar ta fi tsufa. Birnin yana zaune a kan dutse, shi ya sa ake kawo masa ruwa daga nesa: Gogo da Machaya ta kudu, Aroungouza da Ganaram ta arewa. Mutanen garin sun saba da jiran ruwa cikin dare ko ba ambaliya. Bututu mai tafiyar kilomitoci da dama yana ratsa ƙoramu, kuma wuri ɗaya kacal ya isa ya karye, gari ya shiga layi.

Sai kuma hanya. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai a Sorey da N'Dounga, har aka yi ƙarancin man fetur a babban birnin. Motar da ke ɗauke da gazuwal na injin janareta, da wadda ke ɗauke da maganin tace ruwa, duka a kan waɗannan hanyoyi suke bi. Maƙwabta ma sun ga irin wannan: ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye Maiduguri, kuma madatsar ita ce ke ba tashar tace ruwan garin ruwa.

Haɗarin yana cikin ruwan da ake komawa gare shi

Da wuya mutum ya mutu da ƙishirwa a tsakiyar birni. Abin da ke kwantar da mutane shi ne ruwan da suke komawa gare shi idan pampo ya tsaya: rijiyar gida, tafki, gulbi, ko ledar ruwan da ba a san inda aka ɗura ta ba. Ambaliya na cika shadda ta tumbatsa, ta kwashe juji da kashin dabbobi, ta zuba a rijiyoyin da bakinsu ke daidai da ƙasa. Rijiyar da aka sha shekara da shekaru lafiya tana iya zama guba bayan ruwa ɗaya, kuma ido ba ya gane bambancin.

Nijar ta san ƙarshen wannan labari. A 2018 kwalara ta ɓarke a yankin Madarunfa, ta kama dubban mutane a jihar Maraɗi. A 2021 ta dawo cikin damina, ta kama sama da mutum 5,000, ta kashe sama da 150, jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda suka fi jin jiki. A daminar 2024 ma an samu ɓullarta a jihar Tawa. Ban da kwalara akwai zawo da taifot, waɗanda ba sa shiga labarai amma suna cika gadajen yara a asibiti.

Akwai wani haɗarin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, wato ranar da ruwa ya dawo. Muddin bututu na cike da ruwa mai ƙarfi, ko yana da tsaga, ruwa fita yake yi. Idan ya zama wofi, ruwan kwata da ke kewaye da shi ne ke shiga ta tsagar. Don haka ruwan farko da ya fito bayan yankewa ba na sha ba ne. A bar shi ya zuba har ya washe, a yi wanki ko shara da shi, wanda za a sha kuma a ci gaba da sa masa magani ko tafasa shi na 'yan kwanaki.

Lissafin garuwa

Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi a lokacin bala'i shi ne lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsabtar jiki. Gida mai mutum takwas yana buƙatar lita 120, wato bido shida masu lita 20. A ce ɗan garuwa ya sayar da bido a kan dala ashirin, kuɗin rana ya kama CFA 600, na wata kuma jaka 18. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jaka 42 ne.

A gefe guda, farashin da aka daɗe ana aiki da shi ga mai ƙaramin amfani da ke da kwantar ruwa a gida shi ne CFA 127 kan lita dubu, wato bido 50. Mai pampo a gida yana sayen bido hamsin da kuɗin da bai kai na bido biyu a hannun garuwa ba. Idan ruwa ya ɗauke, mai hali yana da tanki a saman ɗaki ko foraj a tsakar gida. Mai haya a ɗaki ɗaya ba shi da wurin ajiya, ba shi da kuɗin tara bido, shi ne kuma ke sayen ruwa mafi tsada a gari.

Ɗora wa 'yan garuwa laifi ba zai warware komai ba. Idan pampon unguwa ya tsaya, ɗan garuwa yana tura kurarsa nesa cikin caɓi, yana bin dogon layi, sawun da yake yi a rana ya ragu. A kwanakin yankewa su ne ainihin kamfanin ruwan talakawa. Abin tambaya shi ne daga ina suke ɗebowa, kuma wa ke duba tsabtar bidunansu. Nauyin neman ruwan kuma galibi a kan mata da 'yan mata yake faɗawa, su ke fita da asuba, su ke barin sana'a da karatu.

Abin da gida zai iya yi

Ajiyar kwana uku ita ce matakin farko. Daga watan Yuli zuwa Satumba, bido da randa su kasance cike, a rufe, a riƙa juya ruwan. Randa mai faɗin baki da kowa ke tsoma moɗa a ciki tana lalata ruwa mai kyau. Bido mai ƙaramin baki ya fi aminci. A ware ruwan sha dabam da na wanka da wanki.

Idan dole ta sa an koma rijiya ko tafki, aiki biyu ne. Da farko a washe ruwan: a bar shi ya kwanta, ko a sa alif ko garin 'ya'yan zogale, sannan a tace da tsumma mai tsabta. Na biyu a kashe ƙwayoyin cuta, domin alif laka kawai yake kwantarwa. Ana iya tafasa ruwan ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya, ko a sa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta a jira minti 30. Kwalbar roba mai haske da aka shanya a rana mai ƙarfi awa shida ita ma tana aiki, amma idan gari da hadari sai ta kwana biyu. Ruwan sama da aka tara daga kwano yana da amfani, matuƙar an bar na farko ya wanke rufin ya zube, shi ma kuma a sa masa magani kafin a sha.

Yaro ko babba da ya fara zawo kamar ruwan shinkafa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A tafi da shi asibiti ana ba shi a hanya. Kwalara na iya kashe mutum cikin awoyi, amma tana da magani idan an je da wuri.

Inda nauyin hukuma ya fara

Duk waɗannan dabaru na kwana biyu ne zuwa uku. Gawayi da gas suna da tsada, itace ya jiƙe, gidan da ya rushe ba shi da randa balle murhu. Daga nan aikin na hukuma ne.

Tun 1 ga Janairun 2024 kamfanin gwamnati NDE ne ke raba ruwa a birane, bayan ƙarewar kwangilar SEEN, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da mafi yawan hannun jari a cikinsa tun 2001. SPEN ke riƙe da kayan aiki da manyan gine-gine, Nigelec ke ba da wuta. Ke nan yanzu duk sarƙar tana hannun ƙasa. An yi murna da hakan da sunan 'yancin kai, kuma ma'anarsa ita ce ba sauran wani baƙo da za a nuna wa yatsa idan pampo ya bushe.

Abubuwan da ake buƙata sanannu ne, kuma yawancinsu ba sa jiran babban aikin biliyoyi. Kowace tasha da kowane babban foraj su sami janareta da gazuwal na kwanaki, ko faranti masu aiki da hasken rana. Watannin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, sun riga sun nuna yadda ruwa ke bin wuta. A tara maganin tacewa a kowace jiha kafin Yuli, tun hanyoyi na biyuwa. A san wuraren da bututu ke ratsa ƙorama, a ƙarfafa su, a ajiye kayan gyara kusa. Ma'aikatun magajin gari su ƙidaya foraj na masallatai da makarantu da na masu zaman kansu, a yi yarjejeniya da masu su tun da rani kan buɗe su ga jama'a da farashin da ba zai tashi ba. 'Yan garuwa a yi musu rajista, a ba su maganin wanke bido, a nuna musu wuraren ɗiba da aka gwada.

Sai bayani, wanda shi ne mafi araha. Sanarwa a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci, mai faɗin unguwannin da abin ya shafa, kwana nawa gyara zai ɗauka, da inda motar ruwa za ta tsaya, tana hana mutane rugawa tafki. Sanarwar Faransanci a Facebook ba ta kai wa matar da ke riƙe da bido a bakin layi.

Masana yanayi sun daɗe suna nuna cewa ruwan sama mai ƙarfi, irin wanda ke zuba da yawa cikin ɗan lokaci, yana ƙaruwa a yankin Sahel. Yamai ta ga haka a 2020, lokacin da kogin Isa ya karya shingen Lamordé, Maraɗi ta gani a 2024. Birane kuma suna ta faɗaɗa zuwa cikin fadama da hanyoyin ruwa. Rigakafi ya fi magani, in ji Hausawa, kuma lokacin rigakafin ruwan sha shi ne rani: a watannin Afrilu da Mayu ake sayen gazuwal, a binne bututu, a zauna da masu foraj. Abin da ba a shirya ba kafin hadarin farko, iyalai ne za su biya shi a watan Agusta, a hannun garuwa ko a gadon asibiti.