Kura da shan bugu: ƴan istaj da aikin da ba lada

Duk shekara, da an kammala jarrabawa, sai a ga samari da ƴan mata riƙe da ambulan suna bin ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. Sun riga sun san ba a samun aiki a rana ɗaya, saboda haka abin da suke roƙo shi ne a yarje musu su yi aiki kyauta. Wannan shi ne istaj, zaman koyon aiki da ɗalibi ke yi a wata ma'aikata domin ya haɗa karatun aji da aikin hannu. Asalin abin yana da kyau. Amma a wurare da yawa an mayar da shi hanyar cin gumin yara ba tare da an ba su ko dala ba, sa'annan a ce musu su gode.

Masu kare wannan al'ada suna da hujjoji uku da ba sa gajiya da maimaitawa. Suna cewa ɗan istaj ya zo koyo ne, ilimin da yake samu shi ne ladarsa. Suna cewa haka kakanni suka koyi ƙira da jima da saƙa, babu wanda ya biya su. Daga ƙarshe su ce da babu gara ba daɗi: idan aka tilasta biya, ma'aikatu za su rufe ƙofa, yara su rasa inda za su koya. Kowace daga cikin ukun tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya dace a auna su ɗaya-ɗaya.

Gaskiya ne akwai abin da aji ba ya koyarwa. Mai karatun jinya ba zai iya neman jijiya a hannun jariri daga littafi ba, kuma mai shirin zama malamin lakol sai ya tsaya gaban yara sittin kafin ya san nauyin alli. Istaj na wata ɗaya ko biyu, wanda makaranta ta tsara, da ƙwararre a gefe yana nunawa yana gyarawa, wani sashe ne na karatu, ba mai jayayya da shi. Sai dai a dubi abin da ake yi bayan an karɓi difloma. Yarinya ta gama karatun lissafin kuɗi, an ɗauke ta wata uku, an sabunta, an sake sabuntawa, har shekara ta zagayo. Ita ke buɗe biro da safe, ita ke rubuta rasiɗi, ita ke haɗa lissafin ƙarshen wata, ranar da ta yi zazzaɓi aiki ya tsaya. To, wa ke koyo a nan, wa ke koyarwa? Ma'aunin ba shi da wuya: duk wanda rashinsa zai sa a nemi wani a madadinsa ma'aikaci ne, ko da wane suna aka laƙaba masa. Haka abin yake ga masu aikin sa-kai da suka shekara suna kwana a gidajen likita, da matasan da ke karanta labarai a wasu gidajen rediyo suna jiran ranar da za a tuna da su.

Hujja ta biyu kuwa ƙazafi ce ga kakanni. Maƙerin da ya karɓi yaro ya karɓi cikinsa da suturarsa. A gidansa yaron ke cin tuwo, in ya yi ciwo shi ke nema masa magani, in salla ta zo shi ke ɗinka masa riga. Har yau tela ko bakanike da ya san ya kamata ba ya barin yaransa su tashi babu kuɗin abinci da na sabulu, kuma ranar yaye yakan taimaka wa yaro da kayan aiki ko ya tura masa masu ciniki. Amana ce mai fuska biyu, kowane ɓangare da haƙƙinsa. Ma'aikatar zamani ta ɗauki biyayya da haƙurin ɗan koyo daga wannan al'ada, ta yar da nauyin maigida. Wanda ke son ya kafa hujja da gargajiya, sai ya ɗauke ta da kai da ƙafafunta.

Akwai kuma wata ɓarna da ba a cika faɗa ba. Aikin kyauta ba kyauta yake ga mai yinsa ba: akwai kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, da abincin rana, da tufafin da za a shiga mutane da su, da haya ga wanda ba shi da dangi a birni. Ɗan babban ma'aikaci a Yamai zai iya jure wannan shekara biyu, don akwai moto a gida, akwai tukunya a kan wuta. Ɗan manomi daga ƙasar Mayahi ko Magarya ko Madawa, wanda aka sayar da rago aka kai shi jami'a, ba zai wuce wata biyu ba. Zai koma gida ko ya shiga tallar katin waya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ranar da gurbin aiki ya buɗe aka ce ana neman mai ƙwarewar shekara biyu, an riga an san wanda zai samu. An buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010 domin a kusantar da ilimi ga ƴaƴan talakawa. Istaj marar lada yana tsaye a bakin ƙofar fita yana tace su, yana mayar da mafi yawansu inda suka fito.

Saura hujja ta uku, wadda ke cewa biya zai kashe istaj. Faransa, inda tsarin karatun Nijar ya samo kalmar da al'adar, ta riga ta gwada. A 2005 matasa suka fito zanga-zanga a Paris sanye da fararen fuskokin roba, ƙarƙashin ƙungiyar Génération précaire, domin su nuna cewa suna aiki amma ba a ganinsu. A 2006 doka ta wajabta wa kamfanoni biyan ɗan istaj da ya wuce wata uku, a 2009 aka rage wa'adin zuwa wata biyu. Dokar 10 ga Yuli 2014 ta ƙarfafa ƙa'idojin: istaj ba zai wuce wata shida a ma'aikata ɗaya cikin shekarar karatu ba, dole a naɗa mai kula da ɗalibin, kuma an hana ɗora shi a gurbin ma'aikaci na dindindin. A 2024 mafi ƙarancin abin da ake ba shi yuro 4.35 ne a awa, wato kusan sefa 2,850. Istaj bai mutu a Faransa ba. Ko fadar shugaban Amurka, wadda ta daɗe tana aiki da matasa kyauta, ta fara biyansu a 2022.

Za a ce Nijar ba Faransa ba ce, kuma haka ne. Babu mai neman a biya yuro a Tasawa. Amma a 2012 an tsayar da mafi ƙarancin albashi a ƙasar kan sefa 30,047 a wata. Banki ko kamfanin sadarwa ko ƙungiyar agaji da ke zuba wa mota ɗaya man da ya fi haka a mako, da wane baki za ta ce jika ashirin na abinci da sufurin ɗan istaj zai karya ta? Ƙaramin shago da ba shi da hali yana iya ɗaukar ɗalibi na ɗan gajeren lokaci ya koya masa da gaske. Abin ƙi shi ne mai hali ya fake da marar hali.

Gyaran ba ya buƙatar taron ƙasa. A ƙayyade wa'adi, kada istaj ya wuce wata shida, kada a sabunta shi. A rubuta yarjejeniya tsakanin makaranta da ma'aikata da ɗalibi, a ambaci abin da zai koya da sunan mai koya masa. Duk zaman da ya haura wata biyu a biya kuɗin abinci da sufuri, masu duba aiki na gwamnati su bi sawu, gwamnatin kuma ta fara da ma'aikatunta. Makarantu ma suna da laifi, musamman masu karɓar kuɗin shekara cif, su saki ɗalibi ya nemi wuri da kansa, babu malamin da zai leƙa ya ga ko koyo yake ko sayen shayi.

Matashin da darasinsa na farko a duniyar aiki shi ne cewa guminsa ba shi da farashi ba zai manta ba. Gobe shi ne zai zauna bayan tebur, talaka ya zo da takarda yana neman sa hannu. Waɗanda suka koya masa cewa mai ƙarfi yana cin wahalar na ƙasa da shi kyauta, kada su yi mamaki idan ya miƙa hannu kafin ya ɗauki alƙalami.