Nauyin da ke kan edita

Kalmar edita da muka aro daga Turanci ta zauna daram a bakinmu, sai dai mun rage mata nauyi. Tushenta Latin ne, inda take nufin wanda ya fito da rubutu ga jama'a, wato wanda alhakin abin da aka buga ke wuyansa. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, aikin editanta Abubakar Imam ya wuce gyaran waƙafi nesa ba kusa ba: yana cikin masu zaɓar abin da za a buga, yana duba wasiƙun masu karatu, kuma sunansa ne a gaba in an yi ƙorafi. Yau kuwa, sai marubuci ya miƙo maka littafi yana cewa edita ya duba, alhali ƙugiyar ɗ da ƙ kawai aka gyara, labarin na nan da ramukansa. A Kannywood kuma edita shi ne mai yanka da haɗa hotuna a kwamfuta, wannan ma sana'a ce mai zaman kanta. Abin da ya fi damuna shi ne kiran edita "mai tacewa", domin a Kano tacewa ta riga ta zama aikin hukumar da aka kafa a 2001 don sa ido kan finafinai. Marubucin da ya ɗauki editansa a matsayin ɗan hukuma zai riƙa ɓoye masa rubutu, ya kuma hau fushi duk ranar da aka ce ya sake babi guda.