Addu'a ba ta hana shan magani

Akwai wata cuta da ake kira kansar jini. Cikin ɓargon ƙashi take farawa, fararen ƙwayoyin jini su yi yawa fiye da kima. Wani irinta sannu a hankali yake cin mutum, shekara da shekaru. Mai ita yana rama, yana gajiya, yana zufa da dare, saifarsa ta kumbura. Ba sammu ba ne, kuma ba a ɗaukarta wajen zama da maras lafiya. Awon jini ke nuna ta.

In ta kama ɗan uwanmu, mukan taru mu yi masa addu'a. Wannan daidai ne: hankalinsa yana kwanciya, ya san ba a yashe shi ba. Amma wasu sukan ce ya bar maganin likita, addu'a ta isa. Nan kuskure yake.

Tun shekarar 2001 akwai ƙwaya mai suna imatinib, wadda ke danne iri ɗaya na wannan cuta. Kullum ake shan ta. Wanda ya daina ba da izinin lokotoro ba, cutar tana iya dawo masa da ƙarfi.

Ƴan uwa, manomi yana roƙon ruwa, amma ba ya yada hauya. Mu yi addu'a, mu kuma haɗa masa kuɗin mota zuwa babban asibitin Damagaram ko Yamai. Mu yi gayya a gonarsa don kada hatsinsa ya lalace.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.