Zancen Iyali: In Aure Ya Mutu, Wa Zai Riƙe Yara?

Masu karatu, a wannan wata za mu taɓa magana mai nauyi. Ba ma fatan auren kowa ya mutu, amma yana faruwa, har a cikin danginmu. Miji ya kama gabansa, mata ta koma gidan iyayenta, sai a bar yara a tsakiya kowa yana ja. Da yawa daga cikinmu muna da 'yan'uwa da surukai a cikin birnin Kano, a Yakasai ko Mandawari ko Gwale, saboda haka ya kamata mu san abin da doka ta ce tun kafin rigima ta zo ƙofar gida. Rigakafi ya fi magani.

Abu na fari shi ne, irin auren da aka ɗaura shi ke nuna dokar da za a bi. A ƙasarmu aure iri uku ne: na rajista, na Musulunci, da na gargajiya.

Auren rajista yana ƙarƙashin dokar shari'ar aure ta 1970, kuma Babbar Kotu ce kaɗai ke iya raba shi. Sashe na 71 na dokar ya umarci alƙali ya sa amfanin yaro gaba da komai. Ba a ce uba ya fi uwa iko ba, ba a kuma ce uwa ta fi uba ba. Alƙali zai duba shekarun yaron, da lafiyarsa, da makarantarsa, da halin wanda ke neman riƙonsa, da irin gidan da zai zauna. Yana kuma da iko ya yanke wa wanda bai sami riƙo ba lokacin ganin ɗansa. Har ma rabuwar ba ta tabbata sai kotu ta gamsu da shirin da aka yi wa yaran da ba su kai shekara 16 ba. Amma fa a lura: sa albarka a coci kaɗai ba ya mai da aure na rajista. Sai an bi ƙa'idar ofishin rajista, an ɗaura shi a can ko a cocin da ke da lasisi, an kuma karɓi takarda. Kowa ya duba takardar da ke cikin akwatinsa.

A cikin birni yawancin aure na Musulunci ne, kuma kotunan shari'ar Musulunci, kamar wadda ke Ƙofar Kudu, suna bin mazhabar Malikiyya. Mutane da dama sun ɗauka da zarar an yaye yaro sai uba ya zo ya ɗauke abinsa. Wannan al'ada ce kawai. A Malikiyya haƙƙin riƙo, wato hadana, na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙo yakan koma ga kakarsa ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa, kafin a zo kan dangin uba. Shi kuwa uba, ci da sha da sutura da magani suna wuyansa ko da yaran ba sa gidansa, kuma ba a hana shi ganinsu da lura da tarbiyyarsu.

A auren gargajiya an saba cewa 'ya'ya na uba ne. Amma a 1989, cikin shari'ar Okwueze da Okwueze, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta nuna cewa ba a bin wannan al'ada ido rufe in za ta cuci yaro. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da dokar kare yara da Jihar Kano ta sa wa hannu a 2023, su ma sun sa amfanin yaro a gaba.

To, me ya kamata iyaye su yi? Kada kowa ya je makaranta ya ɗauke yaro a ɓoye, ko ya tura shi ƙauye don ɗayan ya rasa inda yake. Irin wannan yakan ɓata wa mutum shari'arsa, in kuwa akwai hukuncin kotu a ƙasa, saɓa masa laifi ne. A adana takardar aure, da takardar haihuwa, da rasit na kuɗin makaranta da na asibiti, gama alƙali da shaida yake aiki. In dattawa sun yi sulhu, ko na iyali ne ko na ikilisiya ko a gaban mai unguwa, a rubuta abin da aka shirya dalla-dalla: ranar ziyara, inda yaro zai yi hutu, kuɗin wata nawa ne, wa zai kawo shi, wa zai mayar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin hukumar ba da taimakon shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, ko ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Akwai kuma abin da kotu ba ta iya tilastawa. Uwar da ke zagin uba a kunnen yaro, da uban da ya janye kuɗin abinci don ya huce haushi, dukansu yaron suke hora, shi kuwa bai yi laifin komai ba. Wanda yaro ke hannunsa ya buɗe ƙofa, wanda aka ba ranar ziyara kuma ya zo a ranar, kada ya bar yaro zaune a zaure yana jira. Zumunci a ƙafa yake.

Allah ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, ya raya mana zuriya. Sai wata mai zuwa.