Direbobin Zabori, ina idonku na baya?

Duk wanda ke bin hanya daga Zabori zuwa Gaya, ko daga Gaya ya hau gudron zuwa Dosso, ya san yadda rigimar hatsari ke farawa. Ɗan kabu-kabu ya bugi mota ta baya, kafin jandarma su iso yin konsta, jama'a sun taru sun yanke hukunci: mai mota ne da laifi. Direba ya yi ta rantsuwa, ba shaida. Kuɗin gyara da na magani su hau kansa, wani lokacin mai motar ya karɓe makulli.

Shi ya sa muke cewa kamarar baya ba kayan ado ba ce, shaida ce. Wasu direbobinmu sun sa ta gaba sun manta baya, alhali ta nan ake bugunsu.

To amma sawa ba ita ce iyawa ba. Wurinta shi ne cikin mota, saman gilashin baya, daidai tsakiya, ta yadda za ta ga hanya da lambar wanda ke biye. A goge gilashin ya bushe kafin a manna, kuma kada a ɗora ta kan siraran layukan nan na zafi da ke jikinsa. A zaɓi mai gam, don mai tsotso ba ta jure ranar Afrilu da girgizar laterit. Waya ta bi ta ƙarƙashin rufin ciki, ba ta lilo kan fasinja ba. An gama? A kalli hoton a ga ba a kife yake ba, a daidaita kwanan wata da awa. Bidiyo mai kwanan wata na ƙarya, wa zai yarda da shi?

Sai matsalarmu ta gida: lodi. Ranar kasuwa buhuna sun toshe gilashi, kamara tana ɗaukar buhun gero. Mai irin wannan lodi, da masu kamyo, su nemi ta waje wadda ruwa ba ya shiga, a ɗaura ta saman lamba. Ƙura kuma, tsumma ɗaya kowace safiya ya isa. Ku sani katin ciki in ya cika yana share tsohon hoto, don haka in abu ya faru a adana shi nan take.

Gargaɗi biyu. Kada a ɗauki shingen jami'an tsaro a watsa, yankinmu bakin iyaka ne, kun san halin da ake ciki. Kuma gawar ɗan wani ko raunin 'yar wani ba abin turawa WhatsApp ba ne. Hoton na hukuma ne da masu asirans.

Kuma direba, ka tuna kamarar nan ba ta san uban gidanta ba. In kai ka ja burki ba dalili, za ta faɗa.

Shugabannin tasha, muna jiran ku. Allah ya kiyaye hanya.